Ga ƙannena masu zanen fosta da katin biki

Ƙannena da kuke kwana gaban kwamfuta kan fostar ɗan takara da katin ɗaurin aure, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku wadda take ci mini rai. Sai ku ce wannan neman na tuwo ne kawai, zane na gaskiya sai ranar da Allah ya hore. Wallahi makarantar da kuke ciki kuke rainawa.

Ku dubi misalin Barbara Kruger, fitacciyar mai zane wadda ta fara da irin aikinku. An haife ta a birnin Newark na Amurka a 1945. Ba ta gama jami'a ba. Ta yi shekara ɗaya a Jami'ar Syracuse, ta taɓa karatu a makarantar zane ta Parsons da ke New York, sai ta kama aiki a kamfanin mujallu na Condé Nast. Tana da shekara 22 aka ɗora ta kan masu tsara shafukan mujallar Mademoiselle. A lokacin babu kwamfuta a teburin mai zane, sai almakashi da reza da gam. Kullum aikinta ta zaɓi hoto, ta datse shi, ta san inda kalma za ta zauna har mai buɗe shafi cikin sauri ya dakata. Shekaru ta yi a haka, da sunan wasu, don cinikin wasu.

Ku lura da nan sosai. Da ta tashi yin nata, sai ta guje wa abin da hannunta ya sani, ta shiga haɗa kayan rataye bango da zare da duwatsun ado da gashin tsuntsu. Kayan sun kai ta baje kolin gidan adana zane-zane na Whitney da ke New York a 1973, amma ranta bai kwanta ba. A 1976 ta ajiye aikin, ta koma koyarwa da karatu. Da ta dawo, teburin mujallar nan ta dawo wa. Ta riƙa yanko tsofaffin hotuna marasa launi, ta manna musu jan layi da fararen haruffa masu kauri, kalma kaɗan mai duka. A 1987 ta fitar da hoton hannu riƙe da jan kati, rubutunsa na nufin wai sayayya ce shaidar mutum yana raye. Da makamin talla ta soki tallar kanta. A 2005 aka ba ta babbar kyautar Zakin Zinariya a baje kolin zane na duniya da ake yi a birnin Venis na Italiya.

To ku fa? Yawancinku sai ku sauko da tsarin wani daga intanet, ku canza suna da hoto, ku karɓi kuɗi. Idan kwastoma ya ce a ƙara girman rubutu, tsaki kuke yi, ba ku tsayawa ku tambayi kanku me ya hana idonsa kamawa. Alhali darasin kenan, kuma biyanku ake yi ku koya. Abin da ya fi damuna shi ne ba ku karatu, kuma wanda ba ya karatu ko an ba shi bango guda ba shi da abin faɗa a kai.

Ragowar takardar da ake sharewa a wurin buga fosta, tsohuwar kalanda, ƙyallen atamfa daga shagon tela, duk ku tara a kwali. Ku ware yammaci ɗaya a mako, ku kashe kwamfuta, ku ɗauki almakashi ku haɗa shafi guda wanda ba wanda ya sa ku, kan abin da ke damunku a unguwarku.