Wai an yi sulhu

To, an yi sulhu kan yarinya 'yar aiki da uwar ɗakinta, wata Hajiya a layinmu, ta ƙona da dutsen guga. Masha Allah. Dattawan layinmu sun zauna a zaure bayan isha'i, Hajiya ta aiko cewa sharrin shaiɗan ne, ta haɗo da dubu ashirin kuɗin magani, aka shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Ita yarinyar ko sallamo ta ba a yi ba, balle a ji ta bakinta.

Na ga bayan yarinyar nan da idona lokacin da matata take shafa mata magani. Shatar dutsen guga ce zane raɗau, har tsinin bakinsa ya fito a kafaɗarta. Ba ta fi shekara goma ba. Laifinta ta ƙona mayafi wajen guga. Mayafi fa!

Sulhu tsakanin wa da wa? Uban yana ƙauye, da waya aka kira shi, ya ce ya yafe. Bayansa aka ƙona?

Kuma don Allah kada wani ya shigo mini da "ai ƙasar ba doka". Akwai ta. Tun 2003 Najeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara, a ciki an hana ɗaukar yaro aikatau a gidan da ba na danginsu ba. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana nan tun 1995, tana karɓar ƙorafi kyauta. Ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, wadda dokarta ta 2015 ta mai da sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau laifin ɗauri. Amma mutanen nan ba 'yan duba ba ne. Ba za su buga ƙasa daga Abuja su hango abin da ke faruwa a bayan ƙyauren wani gida a Zariya ba. Sai an kai musu. Mu kuwa mun ƙware a "a rufa asiri".

Masu cewa Hajiya mutuniyar kirki ce, tana rabon abinci da azumi, na ji. Masu cewa kai ƙara ba tarbiyyar Zage-zagi ba ce, ku ma na ji ku. Da 'yar ɗayanku ce, da tuni an cika ofishin 'yan sanda, har da lauya.

Gaskiya abin da ya hana ni barci shi ne ni ma ina zauren. Da aka ɗaga hannu na ɗaga, na ce amin, saboda ina jin nauyin Alhaji, shi ya tsaya mini na samu hayar gidan da nake ciki. Allah ya yafe mini.

Ita kuma dillaliyar da ke kwaso su daga ƙauyuka tana karɓe albashinsu duk wata, jiya na hango ta a Kwangila ta sauko daga mota da wasu guda biyu, kowacce da ɗan ƙullin kayanta a leda. Ko takalmin kirki babu a ƙafarsu, ga sanyin nan da ya shigo.