Matuƙin da ya san inda zai sauka

A nan Ontariyo ta ƙasar Kanada, da bazara ta kama sai ka ga motoci da kwale-kwale ɗaure a kansu sun nufi arewa, yawanci dajin Algonkin. An keɓe dajin tun 1893, hanyoyin kwale-kwale da ke cikinsa kuma sun haura kilomita 2,000. Mutum zai bar gidansa mai wuta da famfo, ya biya kuɗi, ya je ya yi kwanaki yana tuƙi da filafili, sauro na cinsa. Mu da muka tashi a bakin Kwara ta wajen Yawuri, da farko abin ba ya shiga kai. A wurinmu jirgi hanyar kasuwa ce, hanyar gona, hanyar gaisuwar mutuwa.

Amma na bi su, kuma akwai abu guda da nake so mutanenmu su ji. Idan an kusa inda kogi ke gangara kan duwatsu yana kumfa, za ka ga allo mai launin ɗorawa a jikin bishiya, da hoton mutum ɗauke da jirgi, an rubuta tsawon hanyar a mita. Nan ake tsayawa. A fito a taka bakin ruwa a duba: ina ruwan ya nufa, ina dutse ya ɓuya, idan an kife ina za a kama gaɓa. In bai yi ba, a sauke kaya kaf, ɗaya ya goya jakunkuna, ɗaya ya kifa jirgin a kansa. Akwai katako a tsakiya da aka sassaƙa daidai wuya da kafaɗu. A bi ta daji, cikin laka da saiwoyi, har a wuce wurin. Wata hanyar mita 100 ce, wata ta fi kilomita 5. Babu mai kiranka matsoraci don ka ce a sauka. Gwanayensu ma su suka fi saurin faɗa.

Ba Turawa suka ƙago wannan ba. Hanyoyin na ’yan asalin ƙasar ne, masu ƙera jirgi da ɓawon bishiya, mara nauyi da gangan don a iya ɗauka. Fataken fatu na Faransawa a wurinsu suka koya, suna dakon ɗauri mai kilo 41, biyu-biyu. Kuma mutanen nan ma kogi yana cinsu: a kogin Petawawa, cikin wannan dajin, ɗan jarida Blair Fraser ya nutse a 1968, akwai alamar tunawa da shi a wurin.

Sanin ruwa kuwa, ban ga sun fi Sarkawa ba, ko Gungawa, ko Nufawa masu fito. Tsohon Basarke yana kallon yadda fuskar ruwa ta murɗe ya gaya maka abin da ke ƙasa. Duwatsun Bussa da jirgin Bature mai binciken kogin Kwara, Mungo Park, ya maƙale a kai a 1806, ya halaka, mutanen wurin sun yi ta wuce su kaka da kakanni. Sai dai madatsar Kainji ta 1968 ta shanye duwatsun da tsohuwar Bussa, ta bar tafki mai faɗi, mai iska, da kututturan bishiyoyi a ƙarƙashi. Ruwan ya sauya, jiragen sun girma, an sa musu inji, lodi ya ƙaru. Sanin da ke kan tsofaffi ba a rubuta shi ba, ba a kafa shi a allo ba, yaron da aka ba injin kuma bai zauna da su ba.

A Mayun 2021 jirgi ya tashi daga Jihar Neja zuwa Wara a Kebbi da mutum fiye da 150, ya tarwatse, kaɗan suka fita. A Yunin 2023 ’yan biki fiye da 100 suka rasu a yankin Pategi, da dare. Allah Ya jiƙan su. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da bin sababi.

Kwatancen yana da iyaka, na yarda. Jirginmu na katako ba ya ɗaukuwa a ka, kuma mai shaƙatawa yana iya jira har iska ta kwanta, ita kuwa mai tallar shinkafa in ta rasa jirgin nan ta rasa kasuwar mako. Shi ya sa ba na ɗora nauyin a kan fasinja. A nan Kanada doka ta ce ko ƙaramin kwale-kwale sai da rigar ruwa ta kowane mutum, da abin kwashe ruwa, da usur, da igiya mai yawo a kan ruwa ta mita 15. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Abin da ya fi shi muhimmanci kuma ba ya cin kuɗi: a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi, ruwa ya taɓa shi a rage kaya. Sarkin ruwa da ƙungiyar masu jirgi su tsaya bayan matuƙin da ya ce yau ba zai tashi ba, kada mai jirgin ya karɓe injin ya ba wani. A ɗauki tsofaffin Sarkawa lokacin da tafki ya ja baya, su nuna inda kututturai suke a kafa alama tsakanin Yawuri da Wara.