Sarƙar ƙarfe kaɗai ba ta gyara tankar rimot

Abin nan yana damuna wallahi, duk wanda ya sayi ƙaramar tankar yaƙi ta rimot irin ta kamfanin Heng Long mai girman 1/16 na tankar gaske sai a ce masa maza ya cire sarƙar roba da tankar ke tafiya a kai ya sa ta ƙarfe, wai ta fi ƙarko. Da gaskiyarsu kam, ta fi kama da ta asali, ga ƙarar nan kacau-kacau. Amma fa nauyi take ƙarawa sosai, kuma tankoki masu arahar giyoyinsu na roba ne, ka sa tanka samfurin Tiger I ta shiga ciyawa da wannan nauyin haƙoran giya za su fara cinyewa, batir ma ya riƙa saurin ƙarewa. In za a canza to a haɗa da giyabos na ƙarfe da tayar da ke jan sarƙar.