Wai sai Baba ya je da kansa sun ga yana raye

Wallahi yau raina ya gama ɓaci. Tun bayan sallar asuba muka fito da Baba daga Rigasa, mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yau shekara biyu, ni da ƙanina muka ciccibe shi muka sa a keke, shata ma muka ɗauka don ba zai iya cunkoso ba, duk saboda an ce ɗan fanshon da bai zo tantancewa ba za a tsayar da kuɗinsa. Shekara 35 bawan Allah nan yana koyarwa a sakandare, wasu ma daga cikin masu zama a ofisoshin nan shi ya koya musu lissafi, amma yau shi ne a kan benci cikin rana da fayil ɗinsa a leda yana jiran a kira lamba.

Mun isa kafin bakwai lambarmu 80 da wani abu. Tsofaffi ne reras, wani da sanda wani jikansa ne ya riƙo shi, wata tsohuwa ta ce min tun jiya ta zo daga Kaciya ta kwana gidan ƴar uwarta. Ba rumfa ba ruwa. Sai wajen sha ɗaya wani ya leƙo ya ce netwok ya ɗauke a yi haƙuri, kullum dai haƙuri.

Da aka zo kanmu bayan azahar sai na'ura ta ƙi ɗaukar yatsan Baba. Hannun dama ya riga ya ƙandare, na hagun kuma zanen yatsun duk ya goge, yarinyar da ke wurin ta ce Baba goga a goshinka ka sake ɗorawa, ya goga ya ɗora ya goga ya ɗora ya fi sau goma, har na ga hannunsa na rawa. Na ce dan Allah ƴar uwa ga shi a gabanki yana numfashi yana magana, wace shaida kuma ake nema? Ta ce ita ba ruwanta kwamfuta ce ba ta karɓa ba, in ga oga. Oga kuwa ya fita mitin.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maganar suna. A takardar ɗaukar aiki an rubuta Muhammadu, a NIN Mohammed, a BVN Muhammad. Wai mutum uku ne. Sai mun je kotu mun yo takardar rantsuwa sannan a gyara a banki mu dawo ranar Litinin. Su fa suka rubuta da hannunsu kowa yadda ya ga dama, amma mu za mu biya kuɗin gyara.

Kuma nawa ne kuɗin da ake mana wannan wulaƙancin a kansa? Ko maganin hawan jininsa na wata ba ya kammalawa. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, ku duba yanzu, mudun shinkafa a Kasuwar Bacci sai ka tambaya sau biyu don ka ɗauka ba ka ji daidai ba. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kuma tsarin mulki sashe na 173 da na 210 ya ce a riƙa duba fansho duk bayan shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, to mu dai alat ɗin Baba yana nan yadda yake. Ni na bar ɗinkin da nake yi a shago na dawo jinya, ba wanda ya taɓa tambayar me masu jinya ke ci. Tallafin naira 25,000 da aka yi ta shela a rediyo a ƙarshen 2023, maƙwabciyarmu mai marayu huɗu ta ba da suna ta ba da lambar waya, har yau shiru kamar an shuka dusa.

A hanyar komawa Baba bai ce uffan ba sai da muka kusa gida ya ce, Hadiza ki adana fayil ɗin nan kar ruwa ya taɓa shi. Ya yi fitsari a jikinsa tun muna layi, kunya ta hana shi faɗa, sai da muka sauke shi na gani. Litinin ɗin ma ban san inda zan samo kuɗin shata ba.