Ledar maganin Baba da bakin nas

Maigidan da nake haya a wurinsa a Aboabo, nan Kumasi, dattijo ne Bakano. Watan jiya mura ta sauka masa a huhu har numfashi ya gagara. Da muka isa asibiti aka maƙala masa ɗan abin auna oksijin a yatsa, ya nuna 84, alhali na mai lafiya daga 95 yake zuwa sama. Ana sa masa robar iska a hanci sai wata nas ta buɗe ledar da Hajiya ta riƙo, ta zazzage amoksilin da kulorokwin da dezametazon a kan tebur. Ta dube ni ta ce wai mu 'yan Najeriya magani muke sha kamar gyaɗa. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Likitan dai ban ga laifinsa ba. Gwaji ya nuna korona ce, ya ce bairos ba ya jin amoksilin, sai in bakteriya ta hau kan ciwon. Kulorokwin kuwa, ɗan'uwansa haidroksikulorokwin an gwada shi a kan dubban majinyata a Ingila, a binciken RECOVERY na 2020, bai rage mutuwa ba. Binciken nan ne kuma ya nuna dezametazon, miligiram 6 kullum har zuwa kwana 10, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu oksijin kaɗai kuma kashi ɗaya cikin biyar. Wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba bai amfana ba, ga shi yana tayar da suga. Ƙwayar da mata ke saya a kemis don su yi ƙiba, ita ce a nan ake ƙirga ta ɗaya-ɗaya. Suka ƙara da allurar hana jini daskarewa a fatar ciki, suna kuma kwantar da shi rubda ciki na sa'o'i. Hajiya ta yi ta mita: "Yanzu ko ƙarin ruwa ba za su yi wa Malam ba?"

Amma a bar ni da nas ɗin nan. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003, mutane da yawa da katinsu a aljihu, ko da yake mun sayi wasu magungunan a waje. A gida kun san sai ka biya kafin a taɓa ka, mai kemis na bakin layi shi ke ba da bashi. Talauci ya cika ledar nan. Kuma ta leƙa kasuwar Kejetiya ta nan Kumasi mana, ta ga masu tallar ƙwaya a faranti, wane yare suke yi?

Ɗakin asibitin tsaf yake, shiru, mai gadi a ƙofa, ba mai shiga. Na san cutar tana yaɗuwa, amma ko bayan an sallame shi mutum nawa suka zo dubiya? 'Yan Zango sun yi ƙoƙari, su leƙo a tsaitsaye su koma kasuwa. A Kano da tuni tabarmi sun cika zaure, kwanukan kunu da farfesu sun rasa wurin ajiyewa, limamin unguwa ya zo ya yi addu'a. Ni dai na riga na gaya wa ƙanena, in irin wannan ta same ni, da zarar an cire mini robar iska a sa ni a mota sai Kano.