Yadda Na Tono Yarima da Hannuna

Ana saura mako guda iyayena su kai gaisuwa gidan su yarinyar da nake nema a Gwale, wani abokina ya ja ni gefe ya ce binciken aure yanzu ba a wurin mai unguwa yake farawa ba, a Facebook ake fara shi. Nan take gabana ya faɗi, domin na tuna cewa a 2011, zamanin da muke kwana muna hira a 2go da ƙaramar Nokia, na buɗe shafin Facebook da sunan Yarima Sarkin Gayu, kuma na cika shi da waƙoƙin soyayya da hotunan da ko ƙanena ba zan so ya gani ba.

Lambar sirrin ta daɗe da ɓace mini, layin da na yi rajista da shi kuma ya koma hannun wani. Da na kira na roƙi a karanto mini lambobin da aka turo, dattijon da ya ɗauka ya ɗauke ni ɗan damfara, ya ja mini Allah ya isa har sau uku, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba. Sai da wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre ya lalubo tsohon imel ɗina sannan ƙofa ta buɗe.

Ashe gogewar ma aiki ce, domin abin da ka jefa a kwandon shara sai ya yi kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, hoton da wani ya ɗora kuwa iyakarka ka cire sunanka daga jikinsa. Wajen ƙarfe biyun dare, barci na fizgata, na iso kan hoton da ya fi kowanne muni: ga ni a bakin gidan zu da baƙin tabarau da tsukakken wando, na jingina da motar da har yau ban san mai ita ba. Maimakon in goge, sai yatsana ya danna wurin yaɗawa, ni kuma na kwanta da kwanciyar hankalin wanda ya gama aiki.

Kafin in dawo daga sallar asuba, abokan makaranta sun cika ƙasan hoton da kirari, har an kwafe shi zuwa zauren WhatsApp na unguwa.

Ranar gaisuwa kawu ya dawo fuskarsa a sake, ya ce an karɓe su hannu bibbiyu, sai dai yayan yarinyar ya rako su har bakin titi ya ce a gaida Yarima, a kuma tambaye shi ko da waccan motar za a ɗauki amarya.