Amsar daidai ce, amma ina hujja?

Wata ranar Alhamis na rubuta wa ɗalibaina wata tambayar lissafi, irin wadda ake kira intigiral, a allo, na ce a kawo mini aikin ranar Litinin. Ban ma karkaɗe alli daga hannuna ba, sai wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu.

"Malam, rabin pai ne."

"Ta ina ka bi?"

Ya saci kallon wayar da ke kan cinyarsa. "Malam, ai daidai ne."

Daidai ne kuwa (pai ita ce lambar nan ta lissafin da'ira, kusan 3.14), amma ko maki ɗaya ban ba shi ba. Da maganar ta kai ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ce na zalunci yaron: tunda amsa ake nema kuma ya kawo ta, me ya rage? Har aka kira la'asar muna musu. Musun nan ya girme mu duka, kuma yakan fi zafi a kan intigiral saboda wani dalili.

Intigiral, a taƙaice, hanya ce ta auna faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi, ta hanyar yanka shi siri-siri a tara. Ɗan'uwansa a kalkulas, wato lissafin saurin canji, yana da ƙa'idojin da duk wanda ya haddace su zai kai gida. Shi intigiral ba ya ba da kai haka. Tun a shekarun 1830 Bafaranshe Joseph Liouville ya tabbatar cewa akwai waɗanda sam ba za a iya rubuta amsarsu da alamomin da muka saba ba. Wasu kuma sai da wata dabara da ba kowa ke hango ta ba. Shi ya sa idan mutum ya jefo kyakkyawar amsa ya yi gum, wasu su ce gwani ne, wasu su ce ƙarya yake.

Masu ra'ayin abokin aikina suna da babban shaida. A watan Janairun 1913, wani akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras, Srinivasa Ramanujan, ya aika wa G. H. Hardy na jami'ar Cambridge wasiƙa cike da sakamakon lissafi, har da intigiral masu ɗaure kai, ba tare da hujja ba. Malamai biyu da ya fara tuntuɓa a can ba su kula shi ba. Hardy ya kula, kuma a 1914 Ramanujan ya isa Ingila. Da kowa ya yi masa irin abin da na yi wa ɗalibina, da duniya ta tafka asara. Na yarda da wannan, kuma ya kamata masu saurin raina mutane su riƙa tunawa da shi.

Sai dai ana mantawa da sauran labarin. Abin da Hardy ya fara nema a amsarsa shi ne hujjoji. Kuma cikin abin da Ramanujan ya aika akwai wanda bai tsaya ba, musamman kan ƙirgen lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Bayan rasuwarsa a 1920, yana ɗan shekara 32, littattafan rubutunsa sun jira masu tantancewa. Masanin lissafi Bruce Berndt na Amurka ya kwashe shekaru kusan ashirin yana bin su layi-layi. Ke nan har gwanin gwanaye sai da aka bincika kayansa kafin a saya.

Abin da ya fi tsayar mini da ra'ayi shi ne wanda masana lissafi David Borwein da ɗansa Jonathan suka wallafa a 2001. Ka ɗauki intigiral na sin x bisa x (sin wani ma'auni ne na lissafin kusurwa), daga sifili zuwa mara iyaka, irin wanda na rubuta a allo: rabin pai. Ka ninka sin x bisa x ɗin da irinsa mai x bisa 3, ka sake ɗaukar intigiral: rabin pai. Ƙara mai 5, mai 7, mai 9, mai 11, mai 13: sau bakwai a jere, amsa ba ta motsa ba. Wa zai yi shakkar na takwas? To, da ka sa mai 15 sai ta gaza, da ɗan abin da sai a gurbi na 11 bayan ɗigo zai bayyana. Ƙaramar na'urar lissafi ta aljihu za ta rantse maka cewa rabin pai ne. Sirrin kuwa yana cikin jimlar 1/3 da 1/5 har zuwa 1/13, wadda ta tsaya a kusan 0.955, ƙasa da ɗaya. Da 1/15 ya shigo sai ta haura zuwa kusan 1.02, tsarin ya karye. Wanda ya bi hanya ya san inda ramin yake tun kafin ya isa. Wanda ya riƙe amsa kawai zai faɗa ciki da ƙarfin gwiwarsa.

Don haka a wurina amsa tsirara da'awa ce, kuma ko a gaban alƙali hujja tana wuyan mai da'awa. Ba a korar sa, a kan ba shi kujera a saurare shi, domin sanin inda za a dosa yana rage rabin wahala. Hukunci ne ba a yankewa sai shaidu sun zo. Yanzu da kowace waya ke iya tofo amsa cikin daƙiƙa, da'awa ta yi araha ƙwarai.

Ranar Litinin yaron ya zo da shafi uku na rubutun hannu. A shafi na biyu ya sauya jerin intigiral biyu bai faɗi abin da ya halatta masa hakan ba. Na ja masa layi da jan biro, na ba shi bakwai cikin goma.